Ƙarancin Ƙwayoyin Jini: Nasiha Ga Matasa Kan Neman Dalili Kafin Neman Magani

Daga cikin maganganun da suka fi yawo a bakin jama'a idan ana batun rashin lafiya akwai cewa wane "ba shi da jini", ko wance "jininta ya ƙone", kuma ana jin su a asibiti da kantin magani da zauren gida, amma kaɗan ne daga cikin masu faɗinsu suke tsayawa su tambayi abin da ya ragu a cikin jinin da kuma abin da ya rage shi. Wannan tambaya ita ce ginshiƙin fahimtar lamarin, domin ƙarancin jini alama ce da cututtuka masu yawa suke tarayya a kanta, kamar yadda hayaƙi kan tashi daga murhu ya kuma tashi daga gobara, kuma wanda ya ga hayaƙi bai nemi inda wutar take ba yana iya rasa gidansa yana zaton tuwo ake tuƙawa. Matasa su ne suka fi cancanta a yi wa wannan bayani, saboda su ake aikowa sayen magani, su ke jinyar iyaye da ƙanne a asibiti, su ake nema idan an buƙaci jini, kuma su ne ke gab da yanke shawarar aure wadda lafiyar jinin zuriyarsu ta rataya a kanta.

Abin da jini ya ƙunsa

Baligi matsakaici yana ɗauke da jini kimanin lita 5, wanda fiye da rabinsa kaɗan ruwa ne mai launin ɗorawa da masana ke kira filasma, sauran kuma ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani sai da madubin likita. Ƙwayoyin iri uku ne, kuma kowane iri da aikinsa. Na farko su ne jajayen ƙwayoyi, waɗanda suke ɗauke da wani sinadari mai suna himogulobin, wato sinadarin da ke ba jini launinsa kuma yake ɗaukar iskar oksijin daga huhu ya kai ta kowane lungu na jiki. Na biyu su ne fararen ƙwayoyi, dakarun da ke yaƙar ƙwayoyin cuta idan sun shiga jiki. Na uku su ne ƙwayoyin tsayar da jini, waɗanda ma'aikatan asibiti ke kira filatilet, ƙananan gutsattsari ne da ke taruwa a bakin rauni su toshe shi har jinin ya daskare.

Dukkan nau'o'in nan uku a cikin ɓargo ake ƙera su, musamman ɓargon ƙashin ƙugu da na ƙirji da haƙarƙari da gadon baya, kuma duk daga uwar ƙwaya iri ɗaya suke tsirowa kafin kowanne ya kama hanyarsa. Aikin ba ya tsayawa dare da rana, domin ƙwayoyin ba sa daɗewa a raye: jar ƙwaya tana yin kwana 120 ko kusa da haka kafin saifa ta tace ta, ƙwayar tsayar da jini ba ta wuce kwana 10, wasu fararen ƙwayoyin kuwa kwana ɗaya ko biyu kawai suke yi a cikin jini. Don cike wannan giɓi ɓargon baligi yana fitar da jajayen ƙwayoyi kimanin miliyan 2 a kowane sakan, kuma yana buƙatar kayan aiki, wato sinadarin ƙarfe da folik asid da bitamin B12 da furotin, tare da wani saƙo da ƙoda ke aikowa duk lokacin da ta ji oksijin ya yi ƙaranci. Wannan shi ya sa mai ciwon ƙoda da ya daɗe yakan yi fama da ƙarancin jini ko da yana cin abinci mai kyau.

Hanyoyi uku da ƙwayoyin ke raguwa

Duk yawan cututtukan da ke rage ƙwayoyin jini, ta ɗaya daga cikin hanyoyi uku suke bi: ko dai ɓargo ya kasa ƙera isassu, ko a riƙa farfasa su kafin lokacinsu, ko kuma jinin ya riƙa zuba daga jiki. Wanda ya riƙe wannan rabe-rabe zai gane dalilin da ya sa maganin da ya warkar da wani ba ya yi wa wani komai.

A hanya ta farko, abin da ya fi yawa a duniya baki ɗaya shi ne ƙarancin sinadarin ƙarfe, wanda sai da shi ake haɗa himogulobin. Ya fi kama 'yan mata da suka fara al'ada, da masu juna biyu, da yaran da aka yaye a kan kunu da tuwo zalla, domin waɗannan ne buƙatarsu ta fi abin da cimarsu ke ba su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin kashi 40 cikin 100 na yara 'yan wata 6 zuwa wata 59 a duniya suna da ƙarancin jini, haka kashi 37 na masu juna biyu, da kashi 30 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49. A Nijeriya lamarin ya fi haka tsanani, domin binciken lafiyar al'umma na ƙasa na shekarar 2018 ya samu kashi 68 cikin 100 na yaran da ba su kai shekara 5 ba, da kashi 58 na matan da ke shekarun haihuwa, suna ɗauke da shi. Guba ma tana hana ƙira, kuma abin da ya faru a Jihar Zamfara a shekarar 2010 ya isa darasi, lokacin da gubar dalma da ke cikin duwatsun zinariyar da ake niƙawa a cikin gidaje, a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, ta halaka yara fiye da 400. Dalma tana lalata ƙwaƙwalwa tana kuma hana haɗa himogulobin, kuma ana samunta a cikin wasu nau'o'in tozali da ake sa wa jarirai.

A hanya ta biyu, babban mai farfasa jajayen ƙwayoyi a ƙasar Hausa shi ne zazzaɓin cizon sauro, domin ƙwayar cutar cikin jar ƙwaya take shiga ta hayayyafa har ta fasa ta, saifa kuma ta kwashe waɗanda suka kamu har da wasu lafiyayyu, shi ya sa a ƙarshen damina ɗakunan yara na asibitoci ke cika da masu buƙatar ƙarin jini. Idan ƙwayoyi suka farfashe da yawa, ragowar himogulobin kan rikiɗa ya zama wani sinadari mai launin ɗorawa da ke rina ido da fitsari, wanda jama'a ke kira shawara. Cutar sikila ma a wannan rukuni take, haka wata larura ta gado da ake kira ƙarancin G6PD, wadda ta fi bayyana ga maza, inda jajayen ƙwayoyi kan fashe idan mutum ya sha wasu magunguna ko ya shaƙi kafur ɗin da ake sawa cikin kaya, abin da ya sa ma'aikatan lafiya ke hana ajiye shi cikin tufafin jarirai.

A hanya ta uku, zubar jini na iya zama a fili, kamar a hatsarin mota ko wajen haihuwa, tana kuma iya zama a ɓoye, kaɗan-kaɗan, tsawon watanni, har jiki ya ƙarar da ajiyarsa ta ƙarfe mai shi bai sani ba. Tsutsar ciki mai ƙugiya, wadda ke shiga ta fatar ƙafar mai tafiya ba takalmi a ƙasa mai danshi da ƙazanta, tana maƙalewa a hanji tana tsotsa. Tsargiya, da yara ke ɗauka wajen wanka a kududdufi da madatsun ruwa, tana fitar da jini a fitsari, kuma kuskure ne babba a ɗauke ta a matsayin alamar balagar ɗa namiji. Gyambon ciki da basir mai jini da al'adar da ke wuce kima duk suna cikin wannan sahu, kuma magungunan kashe zafin ciwo irin su asfirin da ibufurofen da dikulofenak, waɗanda masu aikin ƙarfi ke sha kusan kullum, suna iya ƙuje bangon tumbi su jawo zubar da ba a gani sai dai bayan gida ya koma baƙi ƙirin kamar kwalta.

Alamomi da gwaji

Hausawa sun ce jiki magayi, kuma kowane nau'in ƙwaya da ya ragu yana da irin saƙon da yake aikowa. Idan jajaye ne suka yi ƙaranci, mutum yakan ji kasala da jiri da haki bayan ɗan ƙaramin aiki, zuciyarsa ta riƙa bugawa da sauri saboda tana ƙoƙarin zagaya ɗan jinin da ya rage, tafin hannunsa da cikin fatar idonsa da harshensa su yi fari, ɗalibi kuma ya kasa tara hankali a aji. Wasu masu ƙarancin ƙarfe sukan kamu da kwaɗayin farar ƙasa ko taunar ƙanƙara, abin da ake yawan gani ga masu juna biyu. Idan farare ne suka ragu, cututtuka sukan riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, da zazzaɓi mai dawowa da ƙurajen baki da ciwon maƙogwaro. Idan kuwa masu tsayar da jini ne, sai a ga haɓo mai wuyar tsayawa, da jini a dasashi wajen goge baki, da tabon kwanciyar jini a fata ba tare da an bugu ba, da ƙananan ɗigo-ɗigo ja musamman a ƙafafu.

Sai dai ido ba ya auna jini, kuma ja wa mutum fatar ido a kantin magani ba zai gaya wa kowa abin da ke faruwa a ɓargo ba. Gwajin da aka fi sani shi ne PCV, wanda ke nuna kason da jajayen ƙwayoyi suka ci a cikin jini, kuma ga lafiyayyen namiji yakan kama daga kimanin 40 zuwa 50 cikin 100, ga mace kuma daga kimanin 36 zuwa 46. Awon himogulobin ma haka yake, inda Hukumar Lafiya ta Duniya ke ɗaukar namiji baligi a matsayin mai ƙarancin jini idan awonsa ya gaza giram 13 a kowane kashi ɗaya bisa goma na lita, mace marar ciki kuma idan ya gaza giram 12. Waɗannan biyun jajaye kawai suke dubawa. Gwajin da ya fi su cika shi ne cikakken ƙidayar jini, wanda ke ƙirga nau'o'in uku tare ya kuma nuna girman ƙwayoyin: a cikin ɗigon jini mai girman kan allura ana sa ran jajaye miliyan 4 zuwa 6, da farare 4,000 zuwa 11,000, da masu tsayar da jini 150,000 zuwa 450,000. Girman ƙwayar kansa jagora ne ga likita, domin ƙanana masu kodaɗɗen launi sukan nuna ƙarancin ƙarfe, manya fiye da kima kuma sukan nuna ƙarancin folik asid ko bitamin B12. Matashin da ya kai majiyyaci asibiti yana da haƙƙin ya tambayi wane gwaji aka yi, nawa aka samu, kuma me ake zaton ya jawo, ya kuma adana takardun sakamakon domin a kwatanta su da na gaba.

Idan ɓargo kansa ya gaza

Akwai yanayin da ya fi waɗanda aka ambata haɗari ko da yake bai kai su yawa ba, wato lokacin da nau'o'in uku suka faɗi a lokaci guda, majiyyaci ya haɗa kasala da zazzaɓi da zubar jini. Wani lokaci dalilin mai sauƙin gyara ne, kamar tsananin ƙarancin bitamin B12 ko kumburin saifa da ke riƙe ƙwayoyin, wani lokaci kuma ƙanjamau ce ko tarin fuka da ya bazu a jiki. Amma akwai cututtuka biyu da suka shafi ɓargon kai tsaye. Ta farko ita ce shanyewar ɓargo, wadda likita Bajamushe Paul Ehrlich ya fara bayyanawa a shekarar 1888, inda uwayen ƙwayoyin ke ƙarewa kitse ya maye gurbinsu, kuma a yawancin masu ita garkuwar jiki ce ke juyowa ta afka wa ɓargon. Ta biyu ita ce sankarar jini, inda wasu fararen ƙwayoyi marasa amfani ke hayayyafa ba ƙaƙƙautawa har su cika ɓargon su hana lafiyayyu wurin tsirowa. Ba a tabbatar da ɗayansu sai an zuƙo ɗan ɓargo da allura, galibi daga ƙashin ƙugu, an duba shi, kuma irin wannan bincike aikin sashen cututtukan jini ne na manyan asibitoci, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Jami'ar Maiduguri.

Abin da ya sa wannan babi ya shafi matasa shi ne wasu daga cikin abubuwan da aka tabbatar suna cutar da ɓargo suna cikin sana'o'insu da ɗabi'unsu na yau da kullum. Sinadarin benzin da ke cikin man fetur yana daga cikin sanannun masu jawo shanyewar ɓargo da sankarar jini ga wanda ya daɗe yana mu'amala da shi, don haka ɗan bumburutu da ke zuƙo mai da baki ta tiyo, da bakaniken da ke wanke hannu da fetur, da yaron da ke shaƙarsa don maye, duk suna saka kansu cikin haɗarin da ba a jin zafinsa sai bayan shekaru. Maganin kuloramfenikol, wanda wasu ke saya da kansu duk lokacin da suka yi zaton taifod ce ke damunsu, yakan shanye ɓargo baki ɗaya ga wasu tsiraru, kuma babu hanyar sanin wanda zai faɗa wa tun kafin ya sha, shi ya sa likitoci ba sa rubuta shi sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Maganin waɗannan cututtuka akwai shi, daga ƙarin jini da magungunan lafar da garkuwar jiki har zuwa dashen ɓargo, aikin da ya sa aka ba likita Ba'amurke Donnall Thomas lambar Nobel a 1990, amma yana da tsada da wahala, kuma nasararsa ta dogara ƙwarai a kan zuwa asibiti da wuri. Duk wanda aka san fararen ƙwayoyinsa sun yi ƙasa sosai, idan zafin jikinsa ya kai digiri 38, asibiti ya kamata a nufa da shi a wannan sa'a ko da tsakar dare ne.

Sikila da shawarar aure

Cutar sikila, wadda ake kuma kira amosanin jini, ta cancanci a daɗe a kanta saboda ita ce larurar jinin da shawarar matasa ke iya hanawa tun kafin ta auku. Likita James Herrick ne ya fara bayyana ta a rubuce a birnin Shikago na Amurka a 1910, bayan ya ga jajayen ƙwayoyin wani ɗalibi sun lanƙwashe kamar lauje, ko da yake al'ummomin Afirka sun daɗe da sanin ciwon da sunayensu na gida. Ƙwayar da ta lanƙwashe ba ta wuce kwana 10 zuwa 20 a raye maimakon 120, saboda haka mai ita kullum jininsa a ƙasa yake, kuma ƙwayar takan toshe ƙananan jijiyoyi ta jawo azababben ciwon ƙashi da gaɓoɓi, musamman lokacin sanyi ko zazzaɓi ko ƙishirwa. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu ita, inda ake ƙiyasta haihuwar jarirai kimanin 150,000 da cutar a kowace shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da irinta, wato AS, ba tare da yana ciwo ba. Dalilin wannan yawa shi ne mai AS yana da wata kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, kamar yadda binciken Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka a 1954, don haka irin ya wanzu a duk inda sauro ya yi ƙarfi.

Lissafin gadon a fili yake: idan mai AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, wato cutar kanta, kuma kowane ciki lissafinsa daban, ma'ana ana iya haifar 'ya'ya uku a jere dukkansu da cutar, ana kuma iya haifar huɗu babu ko ɗaya. Jihar Kano ta kafa dokar tilasta gwajin lafiya kafin aure a 2024, wadda ta haɗa da gwajin wannan rukunin gado, amma hikima ita ce saurayi da budurwa su san nasu tun kafin zuciya ta ɗauru da wani, domin gwajin da aka yi bayan an kai lefe an sa rana yakan zo a lokacin da janyewa ta yi nauyi, har wasu su faɗa cikin sayen takardar bogi, wanda zalunci ne ga yaron da ba a haifa ba. Haka nan wajibi ne a daina kallon mai sikila a matsayin wanda ba zai yi rai ba, domin da shan folik asid da maganin rigakafin zazzaɓi da yawan shan ruwa da zuwa asibiti a kan kari, da maganin haidiroksiyuriya ga wanda likita ya rubuta wa, da yawa suna karatu su yi aiki su yi iyali, kuma tun a 2011 aka yi dashen ɓargo na farko ga mai sikila a Nijeriya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin.

Kurakuran da ke jinkirta waraka

Kuskuren da ya fi yaɗuwa shi ne gaggawar haɗa wa majiyyaci lemon malt da madarar gwangwani, ko ba shi zoɓo saboda launinsa ya yi kama da jini, ko sayo kwalbar maganin ƙarin jini ba tare da gwaji ba. Malt da madara suna ba da kuzari na ɗan lokaci, amma ƙarfen da ke cikinsu bai taka kara ya karya ba, kuma madara tana ma rage yadda hanji ke tsotsar ƙarfe idan an haɗa su. Maganin ƙarfe kuwa yana amfanar wanda ƙarfe ya yi wa ƙaranci ne kaɗai, kuma yana iya cutar da mai sikilar da aka sha yi wa ƙarin jini, wanda ƙarfe ya riga ya taru a hantarsa da zuciyarsa. Mafi muni, watannin da aka ɓata ana gwada wannan da wancan su ne gyambon ciki ko sankara ke amfani da su wajen yin nisa. Wanda likita ya tabbatar masa da ƙarancin ƙarfe, shi kuma kada ya yar da maganin don ya ga bayan gidansa ya yi duhu ko don ya ji sauƙi bayan mako biyu, domin akan ci gaba da sha kimanin wata 3 bayan awo ya daidaita saboda a cika ajiyar jiki, kuma a ɓoye ƙwayoyin maganin daga yara, domin yawansu guba ne mai kisa ga ƙaramin yaro.

Kuskure na biyu shi ne ɗora ramar yaro da farin idonsa a kan maita ko sammu, abin da ke jawo zargin maƙwabta da raba zumunci alhali tsutsar ciki ko zazzaɓi ne ke cin yaron. Addu'a da neman magani ba sa karo da juna, kuma malaman addini sun daɗe suna kwaɗaitar da a haɗa su. Haka kuma wanda jininsa ya yi ƙasa, balle wanda masu tsayar da jininsa suka ragu, bai kamata a yi masa ƙaho ko tsaga ko cire haƙori ko kaciya ba sai likita ya duba shi, domin ƙaramin yanka yana iya zama zubar da za a kasa tsayarwa.

Abin da ya hau kan matashi

Yawancin ƙarancin jinin da ke addabar jama'a ana iya kauce masa da abubuwan da ke kusa. Hanta da nama da kifi su ne suka fi ƙarfen da jiki ke tsotsa cikin sauƙi, kuma bitamin B12 daga abincin dabba ake samunsa, har da ƙwai da nono. Wake da gero da zogale da alayyafo da rama suna da nasu rabon na ƙarfe da folik asid, kuma amfaninsu yana ƙaruwa idan an haɗa su da abin da ke da bitamin C, kamar lemun tsami da gwaba da tumatir da garin 'ya'yan kuka, yayin da shayi mai kauri a kan abinci yake rage tsotsar ƙarfe, don haka ya fi kyau a ba shi tazarar sa'a ɗaya ko biyu. Kwana cikin gidan sauro mai magani, da sa takalmi, da amfani da masai, da karɓar maganin tsutsa, da kai ƙanne su karɓi maganin rigakafin zazzaɓi da ake rabawa gida-gida a watannin damina ga yara 'yan wata 3 zuwa 59, duk suna kare jini. Matashin da ya yi aure kuma ya sani cewa zuwa awon ciki da shan ƙwayoyin ƙarfe da folik asid da ba da tazara tsakanin haihuwa su ne ke ba matarsa ajiyar da za ta jure zubar jinin haihuwa, wadda ita ce kan gaba wajen kashe mata masu haihuwa a duniya.

Akwai kuma haƙƙin da lafiyayye ke ɗauke da shi game da marar lafiya, domin har yau babu masana'antar da ke ƙera jini, kuma duk ledar da aka rataya wa yaro mai zazzaɓi ko mai naƙuda ko mai sikila daga jikin wani mutum ta fito. Wanda ya kai shekara 18, nauyinsa ya kai kilo 50, kuma gwaji ya nuna jininsa ya isa kuma ba ya ɗauke da ƙanjamau ko ciwon hanta ko tunjere, yana iya ba da kimanin mililita 450, wanda bai kai kashi ɗaya cikin goma na jinin baligi matsakaici ba, jiki kuma ya mayar da ruwan cikin kwana ɗaya ko biyu, ƙwayoyin kuma cikin 'yan makonni. Namiji na iya maimaitawa bayan wata 3, mace bayan wata 4, kuma an ware ranar 14 ga Yuni ta kowace shekara don girmama masu wannan kyauta, kamar yadda aka ware 19 ga Yuni don wayar da kai kan sikila.

Saboda haka kira ga kowane saurayi da budurwa shi ne su san rukunin jininsu da rukunin gadonsu tun yanzu, su nemi gwaji duk lokacin da kasala ko haɓo ko zazzaɓi ya ƙi ƙarewa, su tambayi dalili kafin su karɓi magani, kuma wanda Allah ya ba lafiya ya je asibiti mafi kusa ya ba da jini tun kafin a kira shi saboda ɗan'uwansa. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya kuma ƙara wa masu lafiya lafiya.